Safar Hagu ta Maina

Makon jiya wasu samari biyu suka tsaya a bakin rumfata. Ɗaya ya miƙo min waya ya ce in duba safar damben da yake sayarwa. Ja ce, sai sheƙi take yi, an rubuta mata sunan wata ƙasa a wuya. Ya ce shi ko taɓa kayan ba ya yi, daga Kano ake ɗora su a mota a kai wa mai saye. Ɗayan ya yi dariya ya ce, "Baba, ai wannan sana'ar taku ba wuya. Soso ne da leda, a ɗinke baki." Na ce masa haka ne, Allah ya ba da kasuwa. Ba ni da ƙarfin musu yanzu. Amma tun da suka tafi maganar take cina, shi ya sa na ce bari in faɗa muku yadda abin yake, ko da na san ba lalle ku saurara ba.

Ni baduku ne. A kasuwar Nguru na tashi, a rumfar kawuna Malam Habu, tun jirgin ƙasa yana shigowa ana lodin fata da busasshen kifi. Aikin farko da ya ba ni kuben wuƙa ne. Na kwana biyu a kansa, na kawo masa ina jin kaina. Ya juya shi sau ɗaya, ya sa tsinke ya farke ɗinkin tas, ya miƙo min. Sau huɗu ya yi min haka kafin ya nuna min cewa tazarar hujina ba daidai take ba, wani wuri kusa, wani wuri nesa, kuma ta wurin mai nisan wuƙa za ta ɓullo ta yanki cinyar mai ita. Kayan aikinmu ba su da yawa: tsinken huji, basilla, 'yar wuƙa mai lanƙwasa, dutsen wasa ta, katakon da ake yanka a kai, da ɗan curin kakin zuma da ake goga wa zare don kada ruwa ya ci shi. Har yau su ne a gabana, sai dai almakashi da gam da suka ƙaru.

Da kaka 'yan dambe ne manyan masu zuwa wurin kawu. Ya ɗinka musu layu da kambu, ya murza musu igiyar da suke naɗe hannu da ita. Ni nake riƙe bakin igiyar yana murzawa, da la'asar kuma in bi su filin wasa. A can na koyi abin da kowane ɗan garin nan ya sani ba tare da an gaya masa ba: ɗan dambe hannu ɗaya yake ɗaurewa, da shi yake kisa. Ɗaya hannun a buɗe yake, a miƙe a gaba, na kare fuska ne da auna nisa. Na fi shekara talatin ina kallon wannan, har ya zauna min a kai daram.

Safar farko da na taɓa buɗewa wani tsohon soja ne ya kawo min ita, ana kiransa Koci Audu. A lokacin takalman roba sun riga sun kashe mana kasuwa, ina zaune ne kawai ina liƙe silifa. Ya ce ya buɗe wurin horo a Gashua, bayan wani injin casar shinkafa, yana koya wa samari irin faɗan nan na cikin keji da suke kallo a waya, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa. 'Yan jami'a ne da 'ya'yan gari. Safar ta yage a gindin babban yatsa. Ya ce, "Malam Idi, an ce kai ne ba ka tsoron aikin da ba ka saba ba." Na farke ta gaba ɗaya don in ga yadda aka gina ta. A nan na ga ba soso ɗaya ba ne, hawa uku ne: mai tauri a ƙasa wajen ƙashi, matsakaici a tsakiya, mai laushi a sama. Na mayar da ita yadda take. Daga ranar na zama mai safa. In je Kano in tsinto na gwanjo daga cikin dila, in gyara, in sayar da rahusa, wani lokaci kuma in ɗinka sabuwa da fatar akuya ta majemanmu.

To ku masu neman mai kyau mai araha, ga abin da na sani. Kada ka fara da kallo, ido shi ne ake yi wa tarko. Ka sa hannunka ɗaya a ciki, ka danna babban yatsan ɗaya hannun a daidai inda ƙasusuwan dunƙule suke zama. Idan ka ji yatsanka ya isa ƙashinka, ajiye ta, ko kyauta aka ba ka. Idan ka ɗaga yatsa ramin ya tsaya yana kallonka, soson ya mutu. Sai ka lanƙwasa bayanta da ƙarfi. Leda tana yin farin layi a wurin lanƙwasar, kuma zafin Nguru ba ya barinta ta kai wata uku, za ta fara zubar da ɓawo. Fata kuwa tattarewa take yi ta koma. Ka shinshina. Ka ja babban yatsan ka ga ko zaren zai yi murmushi. Ka duba madaurin wuyan hannu: in bai zagaye ya dawo ya wuce rabi ba, ba zai riƙe komai ba, wuyan hannunka zai karye kan buhu. Kuma iri biyu ne. Akwai siririya mai buɗaɗɗun yatsu, ta ranar faɗa da koyon kamu, akwai mai kauri ta dukan buhun yashi. Wanda ya sayi siririya don ta fi araha ya je yana dukan buhu da ita kullum, ya sayi ciwo da kuɗinsa. Tsohuwar gwanjo ta fata wadda sosonta ya mutu ta fi sabuwar leda, don soso ana canza shi, leda kuwa ba ta da magani.

Wani ɗan jami'a ya taɓa zuwa min da sabuwa fil, zinariya-zinariya, ya ce in ɗan matse masa wuyanta. Na danna, na ji yatsana ya shige kamar cikin tuwon da ya kwana a ruwa. Na ce ya bari in farke gefe ya gani. Yankakkun tsummoki ne da kwalin taliya a ciki. Ya tsaya yana kallo, sai ya ce, "Amma Baba, a hoto tana fitowa sosai." Na ɗinke masa ya tafi da abarsa. Irin waɗannan su ne suka fi yawa. Masu sauraro kaɗan ne, kuma galibi talakawa ne waɗanda ba za su iya saye sau biyu ba.

Maina yana cikin masu sauraro. Ɗan masunta ne daga wani ƙauye a bakin kogi kusa da Gashua, Babade, dogo, mai faɗin kafaɗa, ba ya yawan magana. Da safe yana kan jirgin ruwa da filafilin tuƙi yana duba kalli, ragarsu ta kamun kifi, da yamma yana wurin Koci Audu. Ya yi damben gargajiya kaka biyu kafin ya koma wannan. Mahaifinsa ya tsufa, Maina ne ke riƙe da jirgin gidan. Koci ya ce min bai taɓa samun hannu irin nasa ba, kuma za a yi zaɓen 'yan wasa a Kano bayan damina, wanda aka ɗauka za a riƙa biyansa. Wata uku suka rage.

A muguwar shekarar nan ce, wadda ruwa ya ci gonakin shinkafa da barkono ya yanke hanya wuri-wuri. Kaya ba sa zuwa, wanda ya zo kuma ba ya taɓuwa. Dilar da na samu kafin ruwan, shara ce kawai, safa ɗaya mai amfani babu a ciki. Soso mai tauri, wanda ake sawa a ƙasa wajen ƙashi, daga Kano kaɗai nake samunsa, kuma ya ƙare min sai wani ɗan yanki da na cire daga tsohuwar rigar ƙwauri.

A haka Maina ya zo, ya sha zagaye kafin ya iso Nguru, wandonsa duk laka. Ya durƙusa ya gaishe ni da gaisuwarsu, ya ce, "Wushe, Baba. Koci ne ya turo ni. Ya ce ta dukan buhu nake so, mai kauri, kuma in ba taka ba kada in saya."

Na ce, "Kayan aiki sun yanke, ɗana. Ka jira hanya ta buɗe."

Ya ce, "Baba, ba lokaci. Da tsumma nake naɗe hannu yanzu. Ko yaya ne ka yi min."

Na auna hannuwansa, na ce ya dawo jibi. Da ya tafi na shimfiɗa yankin soson nan a kan katako, na ɗora ma'auni. Hannu ɗaya zai yi sosai, da ɗan saura. Hannu biyu ba zai yi ba, sai dai kowanne ya samu rabi. Ban daɗe ina tunani ba, wannan shi ne abin da ya fi ci min rai har yau. Na ce a raina, ai yaron nan ba bahago ba ne, da dama yake kisa, hagu ta kariya ce. Na zuba mai kyaun duka a safar dama. Ta hagu na ninka mata soson katifa hawa uku, na matse shi da gam, na ƙara 'yan guntayen fata a wuya har nauyinsu ya zo ɗaya a hannu. Fatar akuya ce mai kyau, ɗinki biyu-biyu, zare ya sha kaki. Ko kawu ne ya tashi daga kabari ba zai samu abin farkewa a waje ba. Ban ji ina cutarsa ba. Na ji ma kamar na yi dabara.

Ku lura da wannan: shekara shida ina ɗinka wa mutanen nan safa, ban taɓa zuwa na ga yadda suke amfani da ita ba. Ko a waya ban tsaya na kalla ba, ina ce musu wasan yara ne. Dambe na sani, na ɗauka duk naushi ɗaya ne.

Bayan kamar mako biyar hanya ta ɗan lafa, na shiga mota zuwa Gashua in kai wa Koci wasu gyare-gyare. Na iske su suna horo a ƙarƙashin rumfar kwano, buhunan yashi uku a rataye. Yashin nan na wajen Yusufari ne, mai laushi a ido, amma in ya zauna a gindin buhu ya sha danshi sai ya koma kamar bulo. Maina yana kan na tsakiya, safata a hannunsa. Koci yana tafa hannu yana ƙirga masa: "Hagu, hagu, dama! Hagu, hagu, dama! Sake!"

Na tsaya da kaya a hannu. Na ƙirga da kaina. Duk naushi ɗaya na dama, hagu ta yi biyu, wani lokaci uku. Na tambayi Koci, kamar ina tambayar banza, ko yau ranar hagu ce. Ya ce, "A'a, kullum haka ne. A wannan wasan hagu ita ce mai aiki, Malam Idi. Ita ke buɗe hanya. Shi ma da ya zo daga dambe hagunsa a mace take, shi ya sa nake ninka masa."

Da aka huta Maina ya zo gaishe ni. Ya cire safar, na ga bayan hannunsa na hagu ya ɗan tasa, wajen ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Na karɓi safar na danna. Yatsana ya isa tafina ba tare da ya gamu da komai ba. Soson katifar ya riga ya zama gari.

Na ce, "Ba ni wannan in tafi da ita, akwai abin da zan gyara."

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau, Baba. Hannun ne bai saba ba. Koci ya ce kowa yana yin haka da farko."

A nan ya kamata in buɗe baki. Kalma biyar ta isa. Amma Koci yana tsaye, samari sun kewaye mu, kuma shi ne mutumin da yake gaya wa kowa in ba tawa ba kada a saya. Kunya ta kama ni, da tsoron kada kasuwar da ta rage min ta tafi. Kuma ko na karɓe ta ba ni da abin da zan zuba a ciki. Na ce wa kaina zan nemo soso in dawo kafin mako ya zagayo, in canza ba wanda ya sani. Abin da na iya ce masa kawai shi ne ya ɗan sassauta wa hagun. Ya yi dariya ya ce to.

Na aika Kano a ranar. Ruwa ya sake yanke hanya. Kwana tara soson ya yi kafin ya iso hannuna, na tashi da sassafe na nufi Gashua da shi da basilla da zare a aljihu. Na iske buhun tsakiya ba kowa. Koci ya ce shekaranjiya ne, Maina yana cikin dukan buhu sai suka ji ƙas, ya durƙushe. Ƙashi biyu a bayan hannu. An kai shi wurin maɗori a ƙauyensu.

Da ya tsaya a nan ma da sauƙi. Amma zaɓen ya matso, mako uku da ɗori ya kwance karan da kansa ya koma buhu a ɓoye, da aron safa. Ya sake karyewa a wuri ɗaya. Wannan karon da ya haɗe, a karkace ya haɗe. Yatsu biyu suka ƙi lanƙwasuwa, sauran kuma ba ƙarfi. Aka yi zaɓen Kano ba shi. Wannan bai dame ni ba kamar abin da na ji daga baya, cewa filafili yana zame masa, in ya kai tsakiyar ruwa jirgi sai ya riƙa juyawa da shi, kuma ba ya iya jan kalli da hannu ɗaya. Gidan da yake ciyarwa ya koma sayen kifi.

Na yi wata biyu ina cewa gobe. Ranar da na je, na same shi a bakin ruwa yana zaune kan jirgin da aka kife, yana ƙoƙarin ƙulla zaren kalli da hannu ɗaya da haƙori. Ya tashi zai durƙusa na hana shi. Na zauna na gaya masa komai, yadda na raba soson, da abin da na gani ranar da na zo, da dalilin da ya sa na yi shiru. Ban rage komai ba.

Sai ya ce, "Na sani, Baba. Kwanaki kaɗan bayan abin ya faru Koci ya farke ta. Ya so ya zo Nguru ya yi maka tijara a kasuwa, na roƙe shi ya bari."

Na ce, "Don me?"

Ya ce, "To in ya yi, hannun zai dawo ne? Kuma da ni ne mai ɗinkin, haka zan yi. Mu duka dambe muka sani." Sai ya ƙara da cewa, "Ranar da ka zo ɗin ce dai. Da ka faɗa min."

Koci bai yi min tijara ba, amma bai sake aiko min da kowa ba, kuma yana da gaskiya. Yanzu samarinsa a waya suke saye, irin mai sheƙin nan, suna karya hannu su ce ƙaddara ce. Masu sanin yadda ake duba safa ba su da yawa a ƙasar nan, ni kuma da nake ɗaya daga cikinsu, ni na yi wannan aikin. Ban ga ta inda abin zai gyaru ba.

Da na tashi tafiya Maina ya ce in dakata. Ya shiga bukka ya fito da filafilinsa. Ya ɗora hannun hagun a kan mariƙin, yatsun nan biyu a miƙe, ya ce, "Baba, tunda ka zo. Ba za ka iya ɗinka min wani abu ba, wanda zai ɗaure hannun nan a jikin icen? Ko bai riƙe ba, in dai ba zai zame ba, kafaɗa za ta yi sauran."

Na fito da zaren awo. Na auna wuyan hannun, na auna tafin, na auna kaurin icen. Na koma Nguru na zaɓi kirgi mafi kyau da nake da shi, na jiƙa shi da mai, na yi masa shafi mai laushi ta ciki don kada ya goge masa wurin karayar. Na sa madauri dogo wanda zai iya ja da haƙori, da ƙulli mai saurin kwancewa, don in jirgi ya kife kada icen ya riƙe shi a ruwa. Kwana huɗu na yi a kan abin da bai fi tafin hannu ba. Ya yi aiki. Yana fita ruwa da shi, ba nisa kamar da ba, amma yana fita.

Ruwa yana cin fata, komai kakin da ka sa. Saboda haka duk shekara in damina ta kusa sai ya shigo mota ya zo Nguru, ya durƙusa a bakin rumfa ya ce wushe Baba, ya ajiye tsohon madaurin a kan katako. Ba ma maganar dambe. In yanka sabo a kan ma'aunin bara, in gwada masa, ya tafi.

Bana ma ya zo. Na yanka a kan ma'aunin bara, na naɗa masa, sai na ga yana yawo a wuyan hannun. Na ɗauka kuskurena ne, na sake aunawa. Ba kuskure ba ne, hannun ne yake shanyewa. Sai da na rage faɗin yatsa biyu kafin ya kama.